WA ZAI RUBUTA TARIHIN ABIN DA YA SAME MU A BIRNIN GWARI?

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a bi ni har ƙarshe.

Wasu daga cikinku sun sha yi mini tsiya cewa me ya haɗa ɗan Damari da littattafan Girkawan da suka mutu shekara dubu biyu da ɗari huɗu da suka wuce, alhali ga matsalar da ke ƙofar gida. Tsiyar tana da hujja. Amma ni a ganina matsalar ƙofar gidan ce ma ta sa ya kamata mu leƙa waɗannan littattafai. Mun yi shekara fiye da goma cikin yaƙi a wannan masarauta, an kashe na kashewa, an kori na kora, yanzu an samu ɗan sarari, kuma mantuwa ta fara aikinta. Idan ba mu zauna mun rubuta abin da ya faru da hannunmu ba, wasu za su rubuta mana shi daga nesa, ko kuma ya bi masu shi kabari. Girkawan nan su ne suka fi nuna mini yadda ake wannan aiki.

Mutum biyu nake nufi. Na farko Hirodotus, wanda aka haifa wajen shekara ta 484 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a wani gari na bakin teku da yau yake cikin ƙasar Turkiyya. Shi ya rubuta labarin yaƙin da aka yi tsakanin Girkawa da daular Farisa. Kalmar da Turawa ke kiran tarihi da ita daga sunan da ya ba aikinsa ta fito, kuma ma'anarta a harshensu bincike. Dalilinsa na rubutu biyu ne: kada zamani ya shafe abin da mutane suka aikata, Girkawa ne ko abokan gabarsu, sannan a san abin da ya haddasa faɗan.

Hirodotus mutum ne mai daɗin hira, irin dattijon da idan ya fara labari a majalisa shayi kan huce ba a sha ba. Ya je Masar, ya tambayi malaman ɗakunan bautarsu, ya yi maganar ambaliyar kogin Nilu da yadda suke adana gawa. Har labarin Afirkarmu ya taɓa: ya ce wasu samari daga arewacin Afirka sun ratsa hamada har suka iske wani babban kogi mai kadoji yana gudu daga yamma zuwa gabas, da baƙaƙen mutane a bakinsa. Wasu masana suna zaton kogin Neja ne. A cikin littafinsa ne kuma za ka ga labarin Kirosus, sarkin Lidiya mai tarin dukiya, wanda bokaye suka gaya wa cewa idan ya yaƙi Farisa zai rushe babbar daula. Ya yi murna ya ɗaura yaƙi, ashe daular tasa ce za ta rushe. Duk wanda ya ga yadda 'yan siyasarmu ke jin abin da suke son ji kawai daga bakin malaman tsibbu da 'yan kanzagi, wannan labari ba zai zama masa baƙo ba.

Abin da ya fi burge ni a wurinsa shi ne ladabin ruwaya. Ya kan bambance abin da ya gani da idonsa da abin da aka ba shi labari. Idan labari ya zo masa ta fuska biyu, sai ya kawo duka, ya ce ga abin da Farisawa ke cewa, ga abin da wasu ke cewa. Ya kuma nuna cewa kawo labari daban, gaskata shi daban. Ɗalibin ilimi zai tuna da Imam Ɗabari, wanda shi ma a gabatarwar tarihinsa ya ɗora nauyin kowane labari a kan wanda ya ruwaito shi. Mu da muke da ilimin isnadi a gidanmu, wannan hanya ba ta da wuyar ganewa a gare mu. Abin mamaki ma, a zamanin Abbasiyawa an fassara littattafan Girkawa na likitanci da lissafi da falsafa zuwa Larabci, amma ba a fassara na tarihinsu ba. Shi ya sa malamanmu na zaure suka san Aristo da Jalinusa, ba su san waɗannan biyun ba.

Na biyun shi ne Tusididis, mutumin birnin Atina, kuma shi ne ya fi kusa da halin da muke ciki. Ya rubuta yaƙin da aka yi tsakanin Atina da Isparta, wanda ya fara a 431 ya ƙare a 404 kafin haihuwar Annabi Isa, shekara 27 ke nan. Ba daga nesa ya hango yaƙin ba. Shi kansa kwamanda ne, an tura shi ya ceci wani gari mai suna Amfifolis a 424, ya makara, garin ya faɗa hannun abokan gaba, mutanensa suka kore shi daga ƙasa shekara 20. Annobar da ta afka wa Atina a 430 ta kama shi, Allah ya yi da sauran kwana. Da aka kore shi sai ya mai da korar dama: ya riƙa jin ta bakin ɓangarorin biyu. Ya fara rubutu tun ranar da yaƙin ya tashi, bai jira ya ƙare ba, ya kuma jera abubuwa shekara-shekara, lokacin zafi da lokacin sanyi, kamar yadda mu za mu ce damina da rani.

To, ga abin da ya sa nake cewa mutumin nan kamar ya zauna a ƙasarmu.

Da yaƙi ya tashi, manoman ƙauyukan da ke kewaye da Atina dole suka kwashe mata da yara da 'yan komatsai, har da katakon ƙofofin gidajensu, suka shige cikin ganuwar birni. Ya bayyana yadda barin gona da gidan gado ya yi musu ciwo, domin ga kowannensu ƙauyensa shi ne birninsa. A birni babu masauki, wasu suka raɓe a ɗakunan bauta, wasu a hasumiyoyin ganuwa, suna hango abokan gaba na ɓarnata amfanin gonarsu. Cunkoson ne ya ƙara wa annoba ƙarfi. Duk wanda ya ga mutanen Damari da ƙauyukan gabashin Birnin Gwari a daminar 2022, suna fita da buhu a ka da goyo a baya, wasu sun nufi Zariya wasu Funtuwa, sun bar shuka a gona, ba ya buƙatar a yi masa sharhin wannan babi.

Akwai kuma wani ƙaramin gari, Mikalesos. Mutanensa sun saki jiki domin suna ganin sun yi nisa da fagen fama, ganuwarsu ta zube a wasu wurare, ƙofofi a buɗe. A shekara ta 413 wasu sojojin haya da ake mayarwa gida saboda babu kuɗin biyansu suka faɗa musu da asuba. Suka kashe duk abin da ke numfashi, har dabbobi, suka shiga makarantar da ta fi girma a garin daidai lokacin da yara suka shiga, ba su bar ko ɗaya ba. Mikalesos ba shi da wani muhimmanci a wannan yaƙi, faɗuwarsa ba ta canja komai ba. Amma marubucin ya tsaya ya ba shi shafi, ya nuna cewa idan aka dubi ƙanƙantar garin, musibarsa ba ta gaza ta kowa ba. Saboda wannan shafi ɗaya, yau ga ni a Damari ina kiran sunan garin. Ƙauyuka nawa ne a yankin Kuyello da Randagi da Kakangi da Dogon Dawa suka ga irin wannan asuba? Wa ya ba su shafinsu?

Babin da ya fi tsorata ni shi ne na yaƙin basasar tsibirin Kerkira a 427. A nan ya lura da wani abu da idon mai gaggawa ba ya gani, wato yadda yaƙi ke lalata kalmomi kafin ya gama lalata gidaje. Ganganci ya koma jarumta a bakin mutane, mai taka-tsantsan ya zama matsoraci, wanda ya ƙi ɗaukar ɓangare kuwa ɓangarorin biyu suka haɗu suka hallaka shi. Ku duba namu. Kuɗin da manomi ke tarawa ya kai daji kafin a bar shi ya shiga gonarsa ko ya kwashe masararsa, sai aka riƙa kiransa sulhu, wani lokaci haraji, kamar wata hukuma ce ke karɓa. Kalmar infoma ta zama wuƙa, duk wanda aka liƙa wa ita ya shiga uku ko da babu shaida ko ɗaya, kuma Allah kaɗai ya san yawan waɗanda tsohuwar gaba ko rikicin gona ya ci da wannan suna. Sunan ƙabila guda ya koma ma'anar ɓarawon daji, har makiyayin da aka fara sace wa shanu ya rasa kasuwar da zai shiga lafiya. A ɗaya ɓangaren kuma duk baƙauye ya zama ɗan sa-kai a idon na daji. Wanda zai rubuta tarihinmu dole ya rubuta tarihin waɗannan kalmomi, domin da su aka halasta jini.

Sai tsibirin Milos a 416. Atinawa suka zo da jiragen yaƙi suka ce wa mutanen tsibirin ko dai ku miƙa wuya ku riƙa biya, ko mu share ku. Mutanen suka kawo maganar adalci, Atinawa suka nuna musu cewa maganar adalci sai tsakanin waɗanda ƙarfinsu ya zo ɗaya. Suka ƙi, aka ci su, aka kashe maza, aka bautar da mata da yara. Tusididis Ba'atine ne, amma bai rufa wa garinsu asiri ba. Masu unguwanni da dattawan da suka taɓa zama gaban yaro mai bindiga a gindin bishiya suna cinikin ran mutanensu sun san wannan zance ciki da waje. Kada wanda ke kwance a Kaduna ko Abuja ya yi saurin yanke musu hukunci. Amma ya kamata a rubuta abin da aka ce da abin da aka biya, domin na baya su san yadda ƙasa ke zama idan hukuma ta janye.

Kada a ɗauka Girkawan nan ba su da aibu. Hirodotus ya kawo labarin wasu tururuwa a Indiya da suka fi dila girma suna tono zinariya, ya kuma ba rundunar Farisa adadin da ya wuce hankali. Tusididis da bakinsa ya nuna cewa jawaban da ya sa a bakin shugabanni ba kalma da kalma ba ne, ya tsara su ne gwargwadon abin da ya dace a ce an faɗa. Mata da bayi kuwa da ƙyar suke leƙowa a littafinsa. Irin wannan zuzuta adadi ne Ibn Khaldun ya yi wa marubuta tarihi faɗa a kansa a Muƙaddimarsa ta 1377. Darasi ne a gare mu mu ma. Harin Gwaska na watan Mayun 2018, jaridu sun fara cewa mutum 45, daga baya adadin ya yi ta hawa. Adadi yana iya hawa ko sauka a bakin mai magana. Jerin sunaye kuwa, wane ɗan wane daga unguwa kaza, shi ne abin da ba a iya musantawa.

Wani zai ce, to sai mun je Girka? Ba mu da namu? Muna da su, kuma ina alfahari da su. Tarihin Kano ya jero sarakuna tun daga Bagauda, ya faɗi zuwan Wangarawa a zamanin Yaji da gyare-gyaren Muhammadu Rumfa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, shi ma yana cikin yaƙin da yake ba da labari, kuma ya yi abin da ba kowa zai iya ba: ya saka wasiƙar Shehu al-Kanemi na Borno, wadda ke tuhumar jama'ar jihadi, tare da amsar da aka ba shi. Malam Abdullahi na Gwandu a Tazyinul Waraƙati bai ɓoye ɓacin ransa ba game da yadda son duniya ya fara shiga zukatan wasu daga cikin mutanensu. Waziri Junaidu ya bar mana Tarihin Fulani da Hausa. Dokta Yusufu Bala Usman ya bi garuruwa da ƙauyukan Katsina yana jin ta bakin tsofaffi kafin ya fitar da littafinsa a 1981. Ashe al'adar rubuta tarihi tamu ce tun fil'azal, mu ne dai muka ajiye alƙalamin.

Amma misalin da ya fi dacewa da mu yana nan maƙwabta, a Giwa. A 1949 zuwa 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa Bahaushiya da duniya ta sani da Baba ta Karo, ta rubuta rayuwarta daga bakinta, littafin ya fito a 1954. Baba ba ta yi boko ba, ba ta da sarauta. Ta ba da labarin ƙuruciyarta kafin zuwan Turawa, lokacin da mahara ke kama mutane a gona da ƙauye, ciki har da mutanen Mai Sudan, wato Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora, wanda hare-harensa suka addabi ƙasar Gwari da yammacin Zazzau har Turawa suka ci Kwantagora a 1901. Ta faɗi yadda aka kama 'yan gidansu, dangi suka bi sawu, aka yi ciniki, aka tara wuri aka fanso su. Ka cire doki ka sa babur, ka cire wuri ka sa naira, za ka rantse labarin bara take bayarwa. Baba ta rasu ba da daɗewa ba bayan an gama rubutun. Da an yi jinkirin shekara biyu, da duk wannan ya tafi.

Wannan shi ne babban amfanin littattafan tarihi a wurina. Suna cire wa mutum tunanin cewa shi kaɗai aka tsine wa. Dajin nan ya taɓa cin mutane, ya kuma lafa, har aka manta. Suna kuma hana mutum sakin baki, domin abin da ya lafa yana iya tashi idan dalilansa suna nan.

Maganar dalilai kuwa, nan ma Tusididis ya koya mini rarrabewa. Ya bambanta ƙorafe-ƙorafen da kowa ke faɗa a baki da ainihin dalilin da ba a cika furtawa ba, wanda a ganinsa shi ne ƙarfin Atina da ke ƙaruwa da tsoron da ya jefa a zukatan Ispartawa. Mu fa? Ka tambayi mutum goma me ya kawo wannan bala'i, za ka ji amsa goma. Wani zai ce satar shanu, wani cinye burtali da makiyaya, wani zaluncin da aka riƙa yi wa makiyayi a caji ofis da kotu, wani kisan da 'yan sa-kai suka yi ba tare da shari'a ba, wani makaman da suka kwararo bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011, wani zinariyar da ke ƙarƙashin ƙasarmu, wani kuma girman dajin Kamuku da Kuyambana da ya haɗe mu da Zamfara da Katsina da Neja ba tare da hukuma a ciki ba. Kowace amsa tana da ƙamshin gaskiya. Amma wanne ya riga wanne, wanne ne itace wanne ne ashana? Sai an jera abubuwa bisa kwanan wata ake gane haka. Harin masallacin Dogon Dawa a watan Oktoban 2012, inda aka kashe kimanin mutum 20 da asuba. Kashe Buharin Daji a watan Maris na 2018, da kashe sojoji 11 a Kamfanin Doka a wannan watan. Shigowar Ansaru yankinmu da wa'azi da kyauta da alƙawarin kariya, da abin da ya biyo bayan janyewarsu. Takardar da gwamnan jiha na lokacin ya aika wa shugaban ƙasa a 2022 cewa 'yan ta'adda na kafa tasu hukumar a Birnin Gwari. Waɗannan duwatsu ne a warwatse, babu wanda ya jera su ya gina ɗaki.

Yanzu mu zo kan sulhu. A ƙarshen Nuwamban 2024 gwamna ya zo Birnin Gwari, aka karɓi waɗanda suka ce sun ajiye makami, aka buɗe kasuwar kara da ta daɗe a rufe. Motoci sun koma bin hanya, manoma sun koma gonakin da suka yi shekaru ba su taka ba. Wallahi duk wanda ya san abin da aka sha ba zai raina wannan ba, kuma ba na cikin masu yi masa fatan tsiya. Amma Girkawa ma sun yi sulhu a 421, na shekara 50 a rubuce, bai cika shekara bakwai ba. Tusididis ya ƙi ya kira shi zaman lafiya na gaskiya, kuma ya kawo hujja: garuruwan da aka yi alƙawarin mayarwa ba a mayar ba, wasu manyan ƙawayen Isparta kuma tun farko ba su sa hannu ba. Ya iya faɗin haka ne domin sharuɗɗan suna hannunsa, ya kwafe su cikin littafinsa. Katsina ta yi sulhu a 2016 da 2019, Zamfara ta yi a 2019, kowa ya san yadda suka ƙare. To mu nawa ne a nan za mu iya lissafa sharuɗɗan namu, abin da aka ɗauka za a yi wa makiyaya da abin da su suka ɗauka za su bari? Alƙawarin da ba a rubuta ba, ba a iya cewa an cika shi ko an saɓa. Rubutu gata ne ga sulhun kansa.

Na san abin da wasu dattawa za su ce, kuma ina girmama shi: kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, a bar tone-tone, miki bai warke ba. Akwai gaskiya a ciki. Labarin da aka bayar da nufin hura wuta guba ne. Sai dai ku lura, rashin rubutu ba ya hana a ba da labari. Ana ba da shi kullum a ɗakunan zawarawa da rugage, kowa na gaya wa marayunsa rabin da ya shafe shi. Yaron gari zai tashi da sanin wanda ya kashe ubansa, bai san an ƙone rugar wani ba. Yaron ruga zai tashi da sanin shanun da aka kwashe da ɗan'uwan da aka kashe a kasuwa, bai san ƙauyen da aka tayar ba. Rabin labari shi ke haifar da ramuwa. Cikakken labari, mai ɗaci ga kowa, ya fi kusa da sa mutane su ce ya isa haka.

Wasu kuma za su ce ai komai yana Facebook da WhatsApp. Ina hotunan da ka ɗauka a 2018? Wayar ta faɗa ruwa, ko an ƙwace ta a hanya, ko an rufe shafin. A ƙarshen 2021 da gwamnati ta katse layukan waya a yankinmu na kusan wata biyu, abubuwan da suka faru a lokacin wa ya ɗora su? Sanarwar da ƙungiyar ci gaban masarautar Birnin Gwari ta riƙa fitarwa a shekarun nan ta yi amfani ƙwarai, Allah ya saka musu, domin da yawa daga abin da duniya ta sani game da mu ta nan ya fita. Amma sanarwa kuka ce ta ranar da abu ya faru. Tarihi yana buƙatar wanda zai dawo bayan ƙura ta lafa ya tambayi mutum uku game da rana ɗaya, ya ga inda suka saɓa. Tusididis ma ya koka cewa shaidun gani da ido kan ba da labari mabambanci, wani saboda son rai wani saboda mantuwa.

Akwai kuma tsoro, kuma tsoro ne na halas, baki shi ke yanka wuya. Ban ce kowa ya hau intanet ya fara kiran sunaye ba. Rubutawa daban, bugawa daban. A rubuta a adana, lokacin fitarwa zai zo ko da ba a zamaninmu ba. Littafin Tusididis kansa ya yanke a shekara ta 411, bai kai ƙarshen yaƙin ba, wasu ne suka ɗora daga inda ya tsaya.

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar digiri ko kwangila. Littafin rubutu irin na 'yan makaranta da biro sun isa. Limamin da ya sallaci gawarwaki ya san sunayensu. Malamin firamare ya san ranar da aka rufe makarantarsa da yara nawa suka dawo. Ungozoma ta san matan da suka haihu a hanyar gudu. Direba ya san kowace kwana ta hanyar Kaduna da ta Funtuwa da abin da ya faru a cikinta. Mai kemis ya san raunukan da ya ɗaure. Kowa ya rubuta nasa, da boko ko da ajami: rana da wata da shekara, sunan wuri, sunayen waɗanda aka rasa, abin da aka biya, sannan ya bambance na gani da na ji. Matasa masu waya, ku zauna da iyayenmu mata da kakanni ku naɗi muryarsu da izininsu, ku ajiye a wuri fiye da ɗaya. A je ruga ma a ji, wannan sharaɗi ne, in ba haka ba rabin aiki aka yi. 'Yan'uwanmu da ke karatun tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello da sauran jami'o'i, ga abin bincike a gidanku. Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa duk suna Kaduna, an san yadda ake adana irin wannan amana a can. Masarauta kuwa ita ce ta fi cancanta ta zama uwar wannan aiki.

Kuma ku karanta, don Allah. Wanda ya iya Turanci, Hirodotus da Tusididis suna intanet kyauta. Mai Larabci ya nemi Infaƙul Maisuri. Mai Hausa ya nemi Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Malamanmu na Hausa kuma, ina ma wani zai ɗauki nauyin juya mana ko da babin Kerkira da na Milos zuwa harshenmu, a karanta a rediyo. Na tabbata tsofaffin Damari za su gyara wa masana fahimtarsu a kansa.

Kowace damina muna binne dattawan da suka san yadda abin ya fara, tun lokacin da satar saniya biyu ke tayar da hankalin gari. Wanda duk yake da irin wannan dattijo a gida, kada ya bari sai gobe.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, na gari da na ruga. Allah ya dawo da waɗanda har yanzu ba su dawo gida ba, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.